BAƘIN RAMI: INDA SAƘO KE SHIGA AMMA BA YA FITOWA

A cikin watan Satumba na shekarar 1977 ne ƙasar Amurka ta harba wani kumbo mai suna Voyager 1 zuwa sararin samaniya, ba kowa a cikinsa sai na'urori. Kumbon ya bar duk duniyoyin da ke kewaya Rana a baya, ya yi nisan da ya zarce kilomita miliyan 24,000, amma duk da haka har cikin shekarar 2025 masu kula da shi suna jin ɗuriyarsa. Na'urar da yake aiko da saƙo da ita ba ta fi ƙaramin ƙwan lantarki ƙarfi ba, saƙon kuwa yakan yi wajen awa 23 a hanya kafin ya iso. Wannan ya nuna cewa nisa kaɗai ba ya hana magana isa inda aka aike ta, muddin akwai haƙuri da kunnen sauraro.

Amma akwai wasu wurare a cikin sararin nan inda haƙuri da ƙarfin na'ura ba su da wani amfani. Masu ilmin taurari suna kiran irin wannan wuri baƙin rami. Wanda ya faɗa ciki, ko da tsakaninsa da abokinsa na waje bai fi taku ɗaya ba, ba shi da hanyar da zai gaya masa ko da kalma guda. Hausawa sukan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A baƙin rami al'amarin ya juye, magana tana shiga amma ba ta fita. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa shi ne, bisa ga lissafin masana, wanda ke ciki bai makance ba, bai kuma kurmance ba. Yana gani, yana jin saƙon mutanen waje, sai dai amsarsa ce ba za ta taɓa isa gare su ba.

HASKE SHI NE MANZO

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an san cewa duk wata hanyar aika saƙo mai nisa haske ne dokinta. Igiyoyin rediyo da na talabijin da na wayar hannu duk dangin haske ne, bambancinsu da hasken fitila kawai shi ne tsawon zangonsu, watau ratar da ke tsakanin igiya da igiya. Dukkansu gudunsu ɗaya ne, kilomita 299,792 a cikin sakan guda. Da wannan gudu haske yakan zo daga Wata cikin sakan ɗaya da 'yan kai, daga Rana kuwa cikin minti 8 da sakan 20. Ba a taɓa samun abin da ya fi shi sauri ba, ƙa'idojin ilmin kimiyya ma sun nuna ba abin da zai ɗauki saƙo ya riga shi isa. Saboda haka duk inda haske ya kasa fitowa, to, babu wani manzo da zai fito.

Abu na biyu shi ne ƙarfin jawowa, watau ƙarfin nan da ke dawo da dutse ƙasa in an jefa shi sama. Duk abin da ake so ya kuɓuce wa jawowar Duniya da jifa ɗaya, tilas ne ya tashi da gudun kilomita 11.2 a sakan. A fuskar Rana, wadda ta fi Duniya nauyi nesa ba kusa ba, sai ya yi gudun wajen kilomita 618 a sakan. Tun a shekarar 1783 wani limamin Kirista a Ingila mai suna John Michell ya yi tambaya, shin yaya tauraro zai kasance in gudun da ake bukata a kuɓuce masa ya wuce na haske? Ya lissafa cewa tauraron da ya ninka Rana faɗi sau 500, in cushewar jikinsa daidai take da ta Rana, zai riƙe haskensa ba wanda zai gan shi daga nesa. Shekara 13 bayan haka wani masanin lissafi na Faransa, Pierre-Simon Laplace, shi ma ya kawo irin wannan ra'ayi, daga nan aka yi fiye da shekara ɗari ba wanda ya koma ta kansa sosai.

LISSAFIN DA AKA YI A FAGEN YAƘI

A watan Nuwamba na 1915 Albert Einstein ya gabatar da sabon bayaninsa a kan ƙarfin jawowa a birnin Balin na Jamus. Ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, kome kuma ya zo wucewa sai ya bi wannan lanƙwasa, har da haske. Cikin 'yan makonni wani masanin taurari Bajamushe, Karl Schwarzschild, wanda a lokacin yake aikin soja a fagen daga na wajen Rasha, ya warware lissafin Einstein game da abu guda mai siffar ƙwallo. An buga aikinsa a farkon 1916, ya rasu a watan Mayu na wannan shekara saboda cutar da ta kama shi a bakin daga. A cikin lissafin nasa ne aka fara ganin wata iyaka mai ban al'ajabi, wadda har yanzu ake kiran faɗinta da sunansa.

An jarraba maganar Einstein ran 29 ga watan Mayu na 1919, sa'ad da aka yi husufin Rana. Wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya yada zango a tsibirin Principe da ke cikin Tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, wasu abokan aikinsa kuma suka tafi garin Sobral a ƙasar Birazil. Hotunan da suka ɗauka sun nuna cewa hasken taurarin da ya ratsa ta gefen Rana ya ɗan karkace, kamar yadda Einstein ya faɗa.

Saura tambaya ɗaya, ko akwai abin da zai matse har ya kai ga waccan iyaka? Tauraro yana tsaye ne saboda zafin wutar da ke cikinsa yana tokare nauyinsa. In makamashin ya ƙare, tauraro mai nauyi ƙwarai ba shi da abin da zai tokare shi. Ran 1 ga watan Satumba na 1939, ranar da sojojin Jamus suka shiga Folan, wata mujallar kimiyya a Amurka ta buga lissafin Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder, wanda ya nuna cewa irin wannan tauraro zai rufta cikin kansa har ya yanke hulɗa da sauran duniya. Sunan baƙin rami kuwa wani shaihun malami Ba'amurke, John Wheeler, shi ya yayata shi tun daga 1967.

Girman iyakar ya danganta ga nauyin ramin. Da za a matse Rana ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa iyakar kilomita 3 ne kacal. Da Duniya ce, da duwatsunta da tekunanta, milimita 9 ne, watau kamar ƙwallon goruba ma ya fi ta girma. Ramin da ke tsakiyar gungun taurarin da Rana take ciki, watau farin zirin nan da akan gani ya ratsa sama a daren da babu wata babu hazo, nauyinsa ya ninka na Rana wajen sau miliyan 4, daga tsakiyarsa zuwa iyakarsa kuma kimanin kilomita miliyan 12 ne. Ana kiransa Sagittarius A*. Na gungun taurarin M87 ya ninka Rana sau miliyan 6,500.

KOGIN DA YA FI KWALE-KWALE GUDU

Tunanin Michell ya bambanta da na Einstein a wuri guda mai muhimmanci. A wajen Michell, haske yakan tashi sama ya gaji ya dawo, kamar dutsen da aka jefa, saboda haka wanda ya matso kusa yana iya tarar sa. A lissafin Einstein haske ba ya gajiya, ba ya kuma rage gudu ga wanda ke kusa da shi. Abin da ke faruwa shi ne hanyar da yake bi ita kanta ta karkata zuwa ciki.

Masana sukan buga misali da kogi mai gangarawa zuwa wani babban tsauni inda ruwa ke zubowa. A ce akwai masunta a cikin kogin, kowa da kwale-kwalensa, kuma dukkan kwale-kwalen gudunsu ɗaya ne. Can nesa ruwan yana tafiya a hankali, mai tuƙi yana iya juyawa ya koma gida. Da aka matso ruwan ya daɗa sauri, har a kai wani wuri inda gudun ruwa ya yi daidai da gudun kwale-kwale. Wanda ya juya a nan yana ta tuƙi iyakar ƙarfinsa amma yana wuri ɗaya. Wanda ya gota wannan wuri ko da kamu guda, kome tuƙinsa ruwa zai tafi da shi, alhali gaban kwale-kwalensa yana fuskantar gida. To, sarari shi ne kogin, haske shi ne kwale-kwalen, wurin da gudunsu ya zo ɗaya kuma shi ne iyakar baƙin rami.

Misalin ya nuna wani abu kuma. A daidai wurin nan babu katanga, babu shinge, babu wata alama a kan ruwa. Haka iyakar ramin take. David Finkelstein ne ya bayyana a 1958 cewa ƙofa ce mai buɗewa ta fuska ɗaya tak, ana shiga ba a fita, mai shigar kuwa ba lalle ya san lokacin da ya ƙetare ta ba.

ABIN DA MUTANEN WAJE ZA SU JI

A ƙaddara wani ɗan sama jannati ya nufi ramin Sagittarius A* riƙe da na'urar rediyo, ya yi alkawarin aiko da gaisuwa kowane sakan ga abokansa da ke cikin kumbo can nesa. An zaɓi babban rami ne domin a ƙaramin rami, kamar mai nauyin Rana goma, bambancin jawowa tsakanin ƙafar mutum da kansa zai tsinka shi tun yana da sauran tafiya. A babban rami wannan bambanci ba shi da yawa a wajen iyaka, mutum yana iya wucewa da ransa.

Da farko gaisuwar za ta riƙa isowa daidai kan lokaci. Yana daɗa matsawa sai abokan su ga tazarar ta fara tsawo, sakan biyu, sakan goma, minti guda, awa guda, domin kowane saƙo yana fama da ruwan da ya fi na wanda ya gabace shi ƙarfi. Muryarsa za ta yi nauyi tana jan jiki. Har wa yau zangon igiyoyin zai riƙa miƙewa. Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo ya san gajeren zango da matsakaici da dogo. Saƙon da ya tashi a gajeren zango sai an koma matsakaici kafin a kama shi, can kuma sai dogo, daga nan ya wuce abin da kowace na'ura za ta iya kamawa. Haka hasken jikinsa zai rikiɗe ya yi ja, ya dushe, ya ɓace.

Shi ya sa akan ce mutanen waje ba za su taɓa ganin shigarsa ba, sai su ga kamar ya daskare a kan iyaka. Maganar gaskiya ce a lissafi, amma ba ta nufin za a yi ta kallonsa shekara da shekaru. Dushewar tana da sauri ƙwarai. A ramin mai nauyin Rana goma ba a kai ƙiftawar ido, a Sagittarius A* kuwa cikin 'yan mintoci an daina ganin kome. Gaisuwar ƙarshe da za a samu ita ce wadda ya aiko dab da iyaka, wadda ta biyo ta ba za ta iso ba har abada.

Wannan jinkirin lokaci an auna shi, ba zato ba ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayoyin hannu ke dogara da su wajen nuna hanya, suna shawagi a nisan kilomita 20,200, inda jawowar Duniya ta fi rauni. Agogonsu yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, in kuwa ba a gyara wannan ba, kuskuren nuna wuri zai kai wajen kilomita 10 a yini guda. A watan Mayu na 2018 kuma, sa'ad da wani tauraro mai suna S2 ya zo wucewa kusa da Sagittarius A* da gudun fiye da kilomita 7,000 a sakan, manyan na'urorin hangen nesa da ke ƙasar Chili sun ga zangon haskensa ya miƙe daidai gwargwadon lissafin Einstein.

ABIN DA MAI FAƊAWA ZAI GANI

A wajen shi matafiyin labarin dabam ne. Agogonsa yana bugawa yadda ya saba, zuciyarsa ma haka. A gabansa zai ga wani baƙin faifai yana daɗa faɗi, taurarin da ke bayan faifan kuma haskensu ya lanƙwaso ya taru a gefensa. Kafin ya kai iyaka zai ratsa wani wuri, wanda nisansa daga tsakiya ya ninka na iyakar sau ɗaya da rabi, inda haske kansa yake iya kewaya ramin kamar yadda Wata ke kewaya Duniya. Da mutum zai iya tsayawa a nan ya dubi gefe, hasken da ya bar ƙeyarsa yana iya zagayowa ya shiga idonsa.

Bayan ya ƙetare iyaka duhu ba zai rufe shi ba, domin hasken waje yana ci gaba da kwararowa ciki tare da shi. Taurari suna nan a bayansa da gefensa. Saƙon abokansa ma yana iso masa, sai dai zangonsa ya sake. Lissafi ya nuna cewa wanda ya faɗo daga nesa ba tare da ya taka birki ba, a daidai iyaka zai tarar da zangon saƙon da ya biyo shi ta baya ya ninka sau biyu, watau tashar da ake watsawa a mita 25 sai ya murɗa zuwa mita 50 kafin ya same ta.

Akwai wata tambaya da ɗalibai sukan yi wa malamansu. In mutum ya shiga da ƙafa, kuma haske ba ya iya fitowa, ashe ke nan zai daina ganin ƙafarsa tun kansa yana waje? Amsar ita ce ba zai daina ba. Hasken da ya bar ƙafar a kan iyaka ya nufi sama yana nan a wurin, kamar masuncin nan mai tuƙi a wuri ɗaya. Kan mutumin ne ke faɗowa ya tarar da shi. A ciki ma haka abin yake, hasken da aka haska sama yana gangarawa ƙasa, amma kan mutumin ya fi shi saurin gangarawa, sai su haɗu. Saboda haka mutum biyu da suka shiga tare suna iya ganin juna, su yi magana ta rediyo, ba tare da sun lura da wani canji nan take ba.

WA'ADIN DA BA A ƊAGAWA

Sai dai hirar ba mai tsawo ba ce. A 1965 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Roger Penrose, ya tabbatar da cewa muddin irin wannan iyaka ta samu, to, bisa ga ƙa'idojin Einstein akwai wata maƙura a ciki inda hanyoyi ke yankewa, lissafin kansa kuma ya tsaya. Mutane sukan ɗauka maƙurar wani wuri ne a tsakiyar rami wanda mai dabara zai iya kauce wa. Masana sun ce ya fi daidai a ɗauke ta kamar gobe. Mutum yana iya ƙin zuwa kasuwa, yana iya juyawa gabas ko yamma, amma ba ya iya ƙin shiga gobe. A cikin ramin duk inda aka fuskanta, kome aka harba, haske ne ko kumbo, maƙurar tana gabansa.

An ma lissafa iyakar lokacin da mai rai zai samu tsakanin iyaka da maƙura, a ramin da ba ya juyawa. A mai nauyin Rana goma bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyar na sakan ba. A Sagittarius A* kimanin minti ɗaya ne. A na M87 kuwa wajen awa 28 ne, watau kwana ɗaya da 'yan awoyi. Babu injin da zai ƙara wa mutum ko sakan guda a kan wannan adadi, wanda ya yi ta kokawa da ƙarfin tsiya ma yana iya rage wa kansa.

Wannan wa'adi shi ke yanke hukunci a kan kowane saƙo. In wani abokin matafiyin ya biyo sawunsa nan da nan, zai tarar da wasu daga cikin maganganun da na farkon ya aika bayan shigarsa. In ya yi jinkiri, abin da zai tarar sai ya ragu ƙwarai, domin sauran saƙon zai kai maƙura kafin hanyoyinsu su haɗu. Haka kuma na cikin ba zai ji duk abin da mutanen waje suka aiko ba. Saƙon da aka makara wajen aikawa ba zai cim masa ba. Wannan ya rushe wata magana da ta yaɗu cewa wai mai faɗawa zai kalli dukkan abin da zai faru a duniya har ƙarshen zamani. Ɗan abin da ya samu shiga kafin wa'adinsa shi kaɗai zai gani. Dab da ƙarshe ko waɗanda suka shiga tare sai sarari ya ja su ya raba, lokacin da ya rage kuma ba zai ishi haske ya ƙetare tsakaninsu ba.

Ramukan da ke sama galibinsu suna juyawa kamar katantanwa. Roy Kerr, mutumin ƙasar Niyu Zilan, shi ya fitar da lissafin irinsu a 1963. Cikinsu ya fi wanda aka bayyana a nan sarƙaƙiya, amma hukuncin iyakar waje bai sake ba.

TO YAYA AKA SAN DA SU?

Duk abin da aka sani game da baƙin rami daga wajen iyaka ya zo. A 1964 aka gano wani wuri a sama mai fitar da irin hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, aka sa masa suna Cygnus X-1. A farkon shekarun 1970 aka gane cewa wani abu ne marar haske yana zuƙe iskar wani babban tauraro, iskar tana yin zafi tana haskawa kafin ta faɗa. Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka kuma, kowa da ayarinsa, sun yi shekaru suna bin sawun taurarin da ke kewaya Sagittarius A*, har suka auna nauyinsa. Su biyun tare da Penrose suka sami lambar yabo ta Nobel a 2020.

Ran 14 ga watan Satumba na 2015 wasu na'urori biyu masu suna LIGO a Amurka, kowace da hannuwa masu tsawon kilomita 4, suka ji girgizar sarari ta kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Ramuka biyu ne suka yi karo suka haɗe, ɗaya mai nauyin Rana 36, ɗaya 29, girgizar kuma ta yi shekara wajen miliyan 1,300 a hanya. Ita ma daga sararin da ke kewaye da ramukan ta taso.

Sa'an nan gani ya kori ji ran 10 ga watan Afrilu na 2019, ranar da aka nuna wa duniya hoton ramin M87, zobe mai haske da duhu a tsakiyarsa. An haɗa na'urorin rediyo takwas ne a wurare kamar Chili da Meksiko da Sifen da Hawayi da can ƙuryar kudancin Duniya, suka yi aiki kamar ido ɗaya. Bayanan da suka tara a 2017 sun yi yawan da aika su ta intanet bai yiwu ba, sai a jirgin sama aka kwaso faya-fayan, na ƙuryar kudu ma sai da aka jira hunturu ya wuce. Ran 12 ga watan Mayu na 2022 aka nuna na Sagittarius A*. Zoben hasken iskar da ke kewaye ne, duhun kuwa inuwar wurin da ba a aiko da labari.

Ga mai fargaba, ramin da ya fi kusa cikin waɗanda aka gano, Gaia BH1, wanda aka ba da labarinsa a 2022, haske yakan yi fiye da shekara 1,500 kafin ya zo daga wajensa. Rana kuwa nauyinta bai kai ta zama baƙin rami ba.

SHIN SAƘON YA ƁACE KE NAN?

Saura batun da ya fi ɗaure wa masana kai. A 1974 Stephen Hawking na Jami'ar Kambirij ya haɗa lissafin Einstein da na ilmin ƙwayoyin zarra, ya gano cewa baƙin rami yana fitar da wani ɗan ɗumi daga wajen iyakarsa, yana kuma ramewa a hankali. Ɗumin ya yi ƙanƙantar da har yanzu ba a auna shi ba. Rami mai nauyin Rana zai ɗauki shekarun da adadinsu lamba 1 ce da sifiri 67 a bayanta kafin ya ƙare.

Matsalar ita ce, ilmin ƙwayoyin zarra ya ginu a kan cewa labari ba ya ɓacewa ƙurmus. In aka ƙona wasiƙa, abin da aka rubuta yana nan a warwatse cikin toka da hayaƙi da zafi, ko da yake ba mai iya tattara shi. Amma a 1976 Hawking ya ce wasiƙar da aka jefa a baƙin rami, in ramin ya ƙare, ba ta bar kome ba, domin ɗumin da ya fito ba shi ɗauke da alamar abin da ya shiga. In haka ne, ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan kimiyyar zamani biyu yana da ɓaraka.

A 1997 Hawking da Kip Thorne suka ci caca da John Preskill, su suna cewa labarin ya ɓace, shi yana cewa yana fitowa. A 2004, a wani taro a birnin Dabilin na ƙasar Ayalan, Hawking ya sallama, ya miƙa wa Preskill kundin bayanin wasan ƙwallon sanda na Amurkawa, kamar yadda suka yi sharaɗi. Thorne bai bi shi ya sallama a lokacin ba. Hawking ya rasu a watan Maris na 2018. A 2019 wasu sababbin lissafe-lissafe suka ƙarfafa ra'ayin cewa labarin yana fitowa a cikin ɗumin, a dagule, bayan ramin ya tsufa ƙwarai, masana kuma suna ci gaba da muhawara a kan hanyar da yake bi.

Ko da wannan ra'ayi ya tabbata, bai buɗe wa matafiyin nan ƙofar magana da gida ba. Abin da zai fito tamkar tokar wasiƙa ne, bayan zamanin da Rana da taurari sun daɗe da mutuwa. Abin da masana ke nema a wannan muhawara shi ne ƙa'ida guda da za ta haɗa bayanin Einstein da na ƙwayoyin zarra, aikin da aka yi kusan shekara ɗari ana fama da shi, kuma da yawansu suna ganin cewa a iyakar baƙin rami ne za a fi samun bakin zaren.